Fagot ko bassoon: yadda Turawa suka raba gari a kan sunan abin busa guda

Wani dare ne barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya haka nan dai, sai YouTube ya jefo min bidiyon wata ƙungiyar makaɗan Jamus, irin waɗanda za ka ga mutum kusan tamanin sun jeru cikin baƙaƙen kaya wani na tsaye a gabansu yana ta kaɗa 'yar sanda. Can sai kyamara ta tsaya a kan wani dattijo da ya rungumi wani dogon katako ja-ja a karkace, kai ka ce taɓarya ya riƙe, ga wani siririn bututun ƙarfe ya lanƙwaso daga jikin katakon zuwa bakinsa. Muryar abin kuwa sak tsoho mai gunaguni ta hanci. A ƙasan bidiyon an rubuta Fagott. To ni a iya sanina bassoon ake ce wa wannan abu da Turancin Ingila, sai na ɗauka ko wani ɗan'uwansa ne mai kama da shi. Ashe shi ne dai, suna ne kawai ya canza. Wannan 'yar tambayar ce ta ja ni har na raba dare, kuma wallahi ban yi da-na-sani ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Ingilishi ne ma bare a maganar. Mu da muka saba ganin duk abin da Bature ɗan Ingila ya kira abu shi ne sunansa a duniya, a nan kam shi da Bafaranshe ne aka ware gefe. Faransa na cewa basson, Ingila da Amurka bassoon, sai 'yan maƙwabtan Ingila da suka ara a wurinta, mutanen Ailan suna cewa basún, na Wales basŵn. Kusan shi ke nan fa. Sauran Turai kaf bakinsu ɗaya: Italiya fagotto, Jamus Fagott, Sifaniya fagot, Fotugal fagote, Holan da Folan da Denmak da Romaniya fagot, Suwidin da Norwe da Hangare fagott, Finlan fagotti, Rasha ma fagot ɗin ne da nasu baƙaƙen rubutun, har Girka da Turkiyya ba su kauce ba. Harsunan da ko kusa ba su haɗa kaka ba, kamar na Finlan da na Fotugal, ga su suna faɗin kalma ɗaya. In ka ga haka to ka san ba gado ba ne, aro ne, kuma hanyar da aron ya bi ita ce ainihin labarin.

Amma bari mu fara duba abin kansa, don sai ka san siffarsa sunayen za su yi maka ma'ana. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita ranar hawan sallah ya san yadda abin yake: ɗan kara mai baki biyu a can sama, mai busa ya cusa shi a baki, kumatu su kumbura, iska ta bi tsakanin leɓɓan karan nan biyu su riƙa karkarwa, daga nan sautin ke fitowa. To wannan abin na Turawa dangin algaita ne na jini, shi ma kara mai baki biyu ne ke ba shi murya, sai dai nasu karan wani irin gora ne da aka fi nomawa a yankin Var da ke kudancin Faransa, kuma za ka ga mai busa ya ajiye ɗan ƙaramin kofin ruwa kusa da ƙafarsa yana jiƙa karan kafin ya fara, don in ya bushe ba ya magana. Bambancin shi ne algaita muryarta sama take, tana ratsa taro, shi kuwa wannan an yi shi ne don murya ta ƙasa. Kuma dokar abin busa ɗaya ce ko'ina: in kana son murya mai kauri, sai bututu ya yi tsawo. Bututun da ke cikin wannan in aka miƙe shi ya kai wajen mita 2.5. Wa zai iya riƙe abu mai wannan tsawo a baki yatsunsa kuma su kai ga ramukan? Turawa sun gwada fa, a da suna da wasu manyan algaitu miƙaƙƙu da ake kira bombard ko pommer, babban cikinsu ya doshi mita 3, ɗaukarsa kawai aiki ne. Sai a ƙarni na 16 aka samo dabara: a ninke bututun biyu, ya gangara ƙasa sannan ya juyo ya hau sama. Shi ya sa na yanzu tsayinsa a tsaye bai wuce wajen mita 1.3 ba.

Wannan ninkewar ita ta haifi rikicin suna. Na farkon da aka yi, gungumen itace ɗaya ake samu a huda masa rami biyu a jere, a haɗe su ta ƙasa. Sabon abu ya shigo gari, kowa sai ya raɗa masa suna da abin da ya fi ɗaukar hankalinsa. Waɗanda muryarsa ta burge, don ta fi ta tsofaffin algaitun nan laushi, suka ce dulcian, daga kalmar Latin dulcis, wato mai zaƙi. 'Yan Ingila gajartarsa suka gani, suka ce curtal, wanda asalinsa ke komawa ga curtus, gajere. Mutanen Sifaniya kaurin muryar suka ji, suka ce bajón, daga bajo, na ƙasa, kuma su ne suka fi kowa riƙe shi, ya daɗe yana raka mawaƙa a manyan coci-cocinsu har ƙarni na 19 bayan kowa ya watsar. Sannan ga fagotto a Italiya. Wani mawallafin kiɗa Bajamushe, Michael Praetorius, da ya rubuta littafi kan kayan kiɗa wajen 1619, haɗa sunayen Fagott da Dolcian ya yi wuri guda, alamar ko a lokacin mutane cakuɗa su suke yi.

To me ake nufi da fagot? Amsar da kowa zai ba ka, har malaman kiɗa, ita ce damin itace. A Faransanci fagot shi ne damin ƙirare, irin wanda ake ɗaurowa daga daji a hura wuta. Sai a ce ai abin in ka kwance shi ka zuba a akwatinsa, gunduwa huɗu ne na katako a jere kamar an ɗaure ƙirare. Kuma gaskiya in ka ga akwatin a buɗe za ka ce e lallai, ga doguwar gaɓa, ga gajeriya, ga gindin mai rami biyu, ga bakin sama, kowanne kwance a gurbinsa. Labarin ya yi daɗi, ya zauna daram. Matsalar kawai lissafin shekaru ne bai ba da haɗin kai ba. Mai gunduwa huɗun sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 17 aka ƙera shi, alhali sunan ya riga shi da sama da shekara 100, kuma abin da ake kira da sunan a wancan lokacin gungume ɗaya ne sumul, ba abin da za a kwance balle a ɗaure. Ta yaya za a raɗa wa yaro suna saboda kamannin da jikansa zai yi?

Masu kare labarin suna da tasu hujjar dai. Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe masanin lissafi da sauti, a littafinsa na 1636 ya ce ana kiran su haka ne don sun yi kama da itace biyu da aka ɗaure tare. Wato ba gunduwa huɗu ba, bututu biyun nan da ke manne da juna. Wannan ya fi shiga hankali. Amma ni dai ina ɗan ja da baya, don shi ma Mersenne bayan sunan ya tsufa ya zo, kuma Bafaranshe ne da kunnensa ya saba jin fagot a matsayin itacen wuta, to dole abin da zai fara zuwa masa ke nan. Mu ma ai muna yi, a tambayi dattijo asalin sunan wani gari ya ba ka labari mai daɗi wanda daga jin sa ka san sunan ne ya haifi labarin. Ƙarin abin lura, a Italiyanci inda sunan ya fi kafuwa, fagotto a maganar yau da kullum ƙunshin kaya ne, irin wanda matafiyi ke ƙullewa a zane, har in sun ce mutum ya yi fagotto suna nufin ya tattara nasa ya nasa ya bar gari.

Sai kuma wani abu da ya ƙara dagula ruwan. A 1539 wani malamin harsuna ɗan Italiya, Teseo Ambrogio, ya buga littafi a Pavia kan harshen Siriyanci da Armeniyanci da wasu harsunan gabas, sai kawai a tsakiyar littafin ya kauce ya shiga ba da labarin wani abin kiɗa da kawunsa Afranio, malamin coci a Ferrara, ya ƙirƙiro, har da zane. Sunan abin phagotus. Shekaru aru-aru littattafai suna ta maimaita cewa ai Afranio ne ya ƙirƙiro fagotto, saboda sunan kawai. Da aka zo aka duba zanen da kyau sai aka ga abin ba ma da baki ake busa shi ba, zugazugi gare shi irin na maƙera ana matsawa a hammata, iska ta taru a jaka. Bututu biyu ne dai a tsaye a jere, amma ba shi ne kakan namu ba. Suna ɗaya, abu daban, kuma ka riƙe wannan don zai sake dawowa.

Ɗaya sunan kuwa ba shi da wani rufin asiri. Basso a Italiyanci shi ne na ƙasa, murya mai kauri, in suka liƙa -one a ƙarshen kalma kuma sun mai da abu ƙato ke nan. Tromba ƙaho, trombone ƙaton ƙaho. Haka bassone, a bakin Faransawa ya zama basson, ginin kalmar iri ɗaya ne da bajón na Sifaniya. Kuma ya dace da tsarinsu, don ƙaramin ɗan'uwansa mai siririyar murya suna ce masa hautbois, wato itace na sama, wanda ya zama oboe a wasu harsunan. A zamanin Sarki Louis na 14 ne masassaƙan kayan busa na fadar Faransa, waɗanda aka fi ambaton zuri'ar Hotteterre a cikinsu, suka sake fasalin waɗannan kaya suka mai da su gaɓa-gaɓa, don ya fi sauƙin hudawa daidai. Mabusan Faransa suka tsallaka Landan da sabon samfurin a ƙarshen ƙarni na 17, 'yan Ingila suka karɓi kaya suka karɓi suna, tsohon curtal ɗinsu ya bi ruwa. Wannan -oon ɗin na ƙarshe kuwa tsohuwar ɗabi'ar Ingilishi ce in ya ari kalmar Faransa mai ƙarewa da -on: ballon ya zama balloon, carton ya zama cartoon, salon ya zama saloon. Mu kuma muka tare su a gaba muka mai da su balan-balan da katun da salun. Kowa da irin tasa taunar.

Abin tambaya shi ne, tunda sabon samfurin daga Faransa ya fito, me ya hana sunan Faransa cinye Turai duka? Nan ne za ka gane suna ba ya bin maƙeri, mai koyarwa yake bi. Italiyanci shi ne harshen takardar kiɗa, har gobe in ka buɗe takardar da makaɗan nan ke kallo za ka ga piano, forte, allegro, ko da Bajamushe ko ɗan Rasha ne ya rubuta. Fadojin sarakunan Jamus da na Viyana cike suke da makaɗan Italiya, sunan Fagott kuma ya riga ya zauna musu tun zamanin mai gungume ɗaya, da sabon ya zo sai kawai suka ɗora masa tsohon suna. Mawallafin kiɗa Vivaldi kaɗai a Venis ta Italiya ya rubuta manyan kiɗa 39 na fagotto, takwaransa Mozart ya yi nasa a 1774 yana ɗan shekara 18. Daga baya makaɗan Jamus da na Bohemiya (ƙasar Czech ta yau) da na Italiya su ne suka bazu neman aiki a Rasha da Folan da ƙasashen arewa, suna cika ƙungiyoyin fada da na soja suna koyar da yara. Wanda ya koya maka riƙe abu ai shi zai gaya maka sunansa. Har Sifaniya da take da nata bajón, da sabon ya iso sai ta bar wa tsohon sunansa ta kira baƙon fagot. A Rasha kalmar ta zauna har ta fita daga fagen kiɗa, wani makami mai linzami na fasa tankar yaƙi da Tarayyar Sobiyet ta fitar a 1970 sunansa Fagot. Abin busa ne dai shi ma in ka so, sai dai ba a rawa.

Akwai wani abin kunya da ya faɗo wa masu Ingilishi a nan, dole a ɗan taɓa shi. Su ma sun ari kalmar damin itacen nan daga Faransanci tun da daɗewa, a Birtaniya har wani abincin dunƙulen nama ake kira da ita, amma a Amurka ta rikiɗe ta koma zagi mai muni ƙwarai. To ga yaro ɗan makaranta a Amurka an miƙo masa takardar kiɗa bugun Jamus, a gefen layinsa an taƙaita sunan abin busarsa da harufa ukun farko na Fagott, wanda a garinsu ashar ne. Ba ruwan Bajamushen da ya buga takardar, shi sunan kayan aikinsa ya rubuta.

Tarkon da ya fi ba ni dariya kuma yana arewacin Turai. Ka je Denmak ko Suwidin ka ce basun, za su gane ka sarai, su kawo maka wani abu daban: ƙahon tagulla mai zugewa gaba da baya, wanda Ingilishi ke kira trombone. Kunne zai rantse basun da bassoon uwa ɗaya uba ɗaya ne, alhali ko unguwa ba su haɗa ba. Basun ɗan'uwan Posaune ne na Jamusanci, shi kuma daga tsohuwar kalmar Faransa buisine, ita kuma daga bucina, ƙahon da sojan Rum ke busawa. Folan na da puzon, Finlan pasuuna, duk gida ɗaya. Kuma kalma ce mai nauyi a wurinsu, don a fassarar Baibul ta Jamusanci da Martin Luther ya yi, ƙahon tashin alƙiyama Posaune ne. Ka ga mai fassara in ya yi gaggawa ya bi kunne, sai ya ɗauke ƙahon tashin duniya ya miƙa wa mala'ika katakon nan mai gunaguni ta hanci.

Mu ma fa ba mu tsira ba. Algaita da muke ji kamar tare aka halicce ta da fadar sarki, wannan al- ɗin na farkonta ya isa ya tona mata asiri, irin na albasa da aljihu da alƙalami ne. A Maroko ghaita suke cewa, kuma abin busa ne mai kara irin namu. Tsallaka ruwa zuwa Galisiya a arewacin Sifaniya, gaita na nan, amma ta zama mai jakar iska da ake matsewa a hammata. A Bulgeriya gaida, ita ma mai jaka. A Kolombiya gaita doguwar sarewa ce. Kai ka ce kalma ɗaya ce ke yawo tana sauka a kan duk abin busar da ta tarar, kamar dai yadda phagotus da fagotto suka yi.

Ƙarshen rikicin, wanda ni a wurina ya fi komai daɗi, a ƙarni na 19 ya faru. Abin ya rabu gida biyu a ƙira. A Jamus wani mabushi Carl Almenräder ya haɗa gwiwa da Johann Adam Heckel suka buɗe masana'anta a Biebrich a 1831, suka sake wa ramuka wuri, suka ƙara maɓallai, suka samu murya mai kauri wadda take daidai daga sama har ƙasa. Kamfanin Heckel yana nan har yau. A Paris kuma aka ci gaba da gyara tsohon samfurin a hankali, wanda yanzu aka fi sani da sunan kamfanin Buffet Crampon, muryarsa ta fi siranta da shiga hanci, kuma ya fi sauƙin hawa can sama. Katakon ma daban, na Jamus maple ne, na Faransa wani itace ne mai duhu da nauyi. Yatsun da za ka sa ka fitar da sauti ɗaya ba iri ɗaya ba ne, wanda ya ƙware a wannan ba zai ɗauki wancan kawai ya hau dandamali ba. Wani kiɗa na mawallafi Stravinsky da ya tada hayaniya a Paris a 1913, wanda ke buɗewa da wannan abin busa shi kaɗai yana kuka a can ƙololuwar muryarsa, ɗan Rasha ne ya rubuta, sunan Italiyanci ne a takardar, a garin masu samfurin Faransa aka fara busa shi.

Ingila da ta ari suna daga Faransa, samfurin Faransa ta riƙe har farkon ƙarni na 20. Sai Hans Richter, jagoran ƙungiyar makaɗan Hallé ta Manchesta, ya kawo mabusa daga Viyana da samfurin Jamus, a nan wani mabushi ɗan Ingila Archie Camden ya koya ya kuma shahara da shi. A 1930 ƙungiyar makaɗan New York ta zo Landan ƙarƙashin jagoranta Toscanini, aka ji yadda nasu na Jamus ke fita, cikin 'yan shekaru yawancin mabusan Ingila suka sauya sheƙa. Amma bakinsu bai sauya ba. Yau mutumin Landan ko na Chicago da zai ce maka shi bassoon yake busawa, abin da ke hannunsa Fagott ne ɗan Jamus tun daga kara har gindi, sunan kawai ne na Faransa.

Su kuwa Faransawa da samfurin Jamus ya shigo musu gida har ya samu gindin zama, sai suka raba sunayen biyu suka ba kowanne nasa. In mabushi a Paris ya ce basson, nasu na gida yake nufi, in ya ce fagott to na Jamus ne, ana koyar da su daban, kuma in ƙungiya na neman ma'aikaci takan faɗi wanne take so. Kalmomi biyu da suka shekara ɗaruruwa suna nufin abu guda a ƙasashe daban-daban, a nan sun koma sunayen kishiyoyi a gida ɗaya, kuma kar ka kuskura ka kira mai basson da mai fagott, ba zai ji daɗi ba. Jafanawa ma da suka zo daga baya suka tarar da rigimar sai suka kwashe duka, fagotto na kowa da kowa, bason kuma in ana nufin na Faransa takamaimai.